Wa Ya Faɗa, Wa Ya Rubuta: Yadda Tatsuniyoyinmu Suka Shiga Takarda, da Abin da Ayilan Ta Yi da Nata

Cikin watan Maris na 1853 wani ayari ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Wurno, ya bi ta Kuraye ya ratsa Kurfi. A cikinsa akwai Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Barth ya rubuta abin da idonsa ya gani a Kurfi: duwatsun da ke wurin, da ganuwar garin, da yadda aka ƙarfafa ta saboda hare-haren da ke fitowa daga wajen Maraɗi da Gobir a wancan zamani. Abin da kunne kan ji da dare a tsakar gida, wato tatsuniya da kacici-kacici da labarin kafuwar gari kamar yadda tsofaffi ke ba da shi, wannan bai shiga littafinsa ba, don ba shi ya fito nema ba.

Sai dai a cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi a Kukawa. Wannan yaro shi ne zai zama ɗaya daga cikin mutanen farko da aka rubuta tatsuniyoyin Hausa da boko daga bakinsu. Daga kansa tarihin da za mu bi ya fara, kuma tambayar da ke cikinsa guda ce: in muka buɗe tsohon littafin tatsuniya, muryar wa muke ji?

Dorugu da Schön

A 1855 Barth ya koma Turai tare da Dorugu da abokinsa Abbega. A Ingila Dorugu ya zauna wajen James Frederick Schön, wani ɗan mishan da ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, ya kuma ɗau shekaru yana nazarin Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Dorugu ya riƙa faɗa, Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiyarsa zuwa Tambutu, da tatsuniyoyin da ya taso da su. Da yawa daga cikin wannan magana sun fito a littafin Magana Hausa na 1885.

Dubi yanayin da aka yi aikin. Matashi ne da aka raba da gida tun yana yaro, yana zaune a ƙasar sanyi, yana ba da tatsuniya ga dattijon da ke riƙe da alƙalami. Dole ya yi magana sannu a hankali, ya tsaya, ya maimaita, ya jira a gama rubuta jimla kafin ya ɗora wata. Babu yara a gabansa da za su amsa masa waƙa, babu wanda zai yi dariya in Gizo ya yi tsamin baki. Shi kuwa Schön abin da yake nema shi ne kalmomi da nahawu da za su taimaka masa wajen fassara Baibul. Duk da haka aikin yana da wata daraja da ta yi ƙaranci a bayansa: mun san sunan mai maganar, mun san garinsu, mun san abin da ya same shi a rayuwa, har zuwa rasuwarsa a Kano a 1912. Saboda haka in mun karanta tatsuniyarsa muna iya auna ta da mutumin da ya faɗe ta.

Shekaru huɗu na girbi

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai bukatar koyon Hausa ta zama ta mulki. Jami'in da zai yi shari'a, ya karɓi haraji, ya zauna da sarki, ba ya son ya dogara da tafinta, kuma akwai jarrabawar harshe da ake bukatar ya ci. Daga wannan bukata manyan tarin tatsuniyoyin Hausa suka fito kusan lokaci guda, tsakanin 1911 da 1914.

Mafi girmansu shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Tushen aikin rubuce-rubucen ajami ne da John Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya miƙa wa Edgar, shi kuma ya ƙara da nasa, ya mayar da su boko. A ciki akwai tatsuniyoyi da labarai da karin magana da kacici-kacici da wasiƙu. Neil Skinner ya fassara su zuwa Turanci daga baya, juzu'in farko a 1969, sauran biyun a 1977.

Na biyu shi ne R. S. Rattray, wanda ya yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Shi ya sa Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da ajami, kuma da ya buga littafin a 1913 sai ya sa hoton rubutun malamin a shafi, ya biyo shi da boko da fassara. Wannan gaskiya ce ta aiki da ta cancanci yabo, domin mai karatu na iya duba hannun Malam Shaihu da kansa, ya ga inda Bature ya fahimta da inda ya kauce. Na uku shi ne A. J. N. Tremearne, wanda ya ji nasa labaran daga bakin mutanen da ke kewaye da shi a wurin aiki, ya buga su a 1913 da 1914.

Yanzu a lissafa hannuwan da tatsuniya ta bi kafin ta iso gare mu a littafin Edgar. A ƙasar Hausa tatsuniya aikin dare ce, kuma mafi yawan masu yin ta mata ne: kaka, goggo, amarya da yaran gida suka kewaye. Wadda ta faɗa ita ce hannu na farko. Yaron da ya ji, ya girma ya zama malami, shi ne na biyu, kuma yana rubutawa ne daga abin da ya tuna bayan shekaru. Malamin ya san wanda zai karanta Bature ne mai iko, ya san kuma matsayinsa na mai ilimin addini, don haka akwai abin da zai taƙaita, akwai abin da zai gyara, akwai wanda zai ga bai dace da alƙalaminsa ba. Sannan Bature ya karanta ajamin ya juya shi boko a lokacin da ƙa'idar rubutu ba ta zauna ba, ya zaɓi wanda zai shiga da wanda zai bari. Sai mai ɗab'i a Belfast, wanda ke jera haruffan harshen da bai ji ba.

A kowane hannu wani abu na zubewa. Waƙar da ke tsakiyar tatsuniya ta rasa karinta. Muryar Dodo da ta Ƙoƙi sun zama baƙaƙe iri ɗaya. Amsar masu sauraro, tun daga lokacin da aka ce ga ta nan ga ta nanku har zuwa ƙurunƙus, ta ɓace ko ta zama ado kawai. Abin da ya fi ciwo shi ne sunan matar da labarin ya fito daga bakinta. Ita ce mai abin, ita ce kuma ba a ambata.

Wannan ba dalili ne na raina littattafan ba. Ba don su ba da ɗaruruwan labarai sun tafi da masu su. Dalili ne na sanin yadda za a karanta su: a matsayin rubutun malaman Sakkwato da makamantansu na farkon zamanin Turawa, wanda ke ɗauke da inuwar tatsuniyar tsakar gida.

Cuta iri ɗaya a wani tsibiri

Belfast, inda aka buga littafin Edgar, tana kan tsibirin Ayilan, kuma mutanen wannan tsibiri sun sha irin wannan matsala da nasu labaran. Harshensu na gado, Gelik, ya riƙa ja da baya a gaban Turanci, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori wasu masu yawa zuwa Amurka. Waɗanda yunwar ta fi ci su ne talakawan karkara, wato masu harshen da masu labaran.

Masu tattarawa na farko sun yi abin da muka saba gani. Thomas Crofton Croker ya buga labaran aljanu na kudancin ƙasar a 1825, ya sake musu tufafi don su ba masu karatun Landan dariya, kuma littafin ya yi kasuwa har 'yan'uwan nan Grimm suka fassara shi zuwa Jamusanci a 1826. Sai a 1890 Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko, ya fito da tarin da ya sa maganar Gelik ɗin a shafi tare da fassara, ya ambaci waɗanda suka ba shi labaran, ya kuma soki magabatansa da ɓoye tushen abin da suka buga. Tun daga nan aka fara gane cewa sunan mai ba da labari ɓangare ne na labarin.

Wanda ya mayar da wannan fahimta hukuma shi ne Séamus Ó Duilearga. Ya ɗau shekaru daga 1923 yana zuwa wani ƙauye a Kerry yana rubuta labaran manomi guda, Seán Ó Conaill, waɗanda suka fito a littafi a 1948. Ya je ƙasashen arewacin Turai, musamman Suwidin, ya ga yadda suke tsara ma'ajiyar al'adu. A 1935 gwamnati ta kafa Hukumar Adabin Baka ta Ayilan, shi ne shugabanta, Seán Ó Súilleabháin kuma mai kula da ma'ajiya. Hukumar ta yi aiki har 1970, sannan kayanta suka koma jami'a a Dablin.

Hanyar aikinsu ita ce abin dubawa. Sun ɗauki ma'aikata na dindindin, yawancinsu 'yan yankunan da za su yi aiki a ciki, masu jin karin harshen wurin. Kowa aka ba shi na'urar Ediphone, wadda ke ɗaukar murya a kan bututun kaki. Da dare ya je gidan tsoho ya ɗauka, da rana ya zauna ya saurara ya rubuta kalma bayan kalma yadda aka faɗa, ba tare da ya mayar da ita daidaitaccen harshe ba. A kan kowane rubutu yana cika bayanin mai labarin: sunansa, shekarunsa, sana'arsa, ƙauyensu, da wanda ya ji labarin daga gare shi, da lokacin da ya ji. Ban da wannan, kowane ma'aikaci na riƙe da littafin da yake rubuta yadda ranar ta kasance, wa ya tarar a gidan, yaya tsohon yake, me ya hana shi magana jiya. Mai nazari a yau yana iya ɗaukar labari guda ya bi sawunsa baya zuwa kaka da kakan kaka, kamar yadda malaman Hadisi ke bin isnadi.

Su ma ba su tsira daga asara ba. Bututun kaki yana da tsada, hukumar kuwa ba ta da kuɗi, saboda haka in an gama rubuta abin da ke kai sai a kankare shi a sake amfani da shi. Ta haka muryoyi masu yawa na shekarun farko suka tafi, takarda kaɗai ta rage. Kusan dukkan ma'aikatan dindindin maza ne, kuma sun fi neman dogayen labaran jarumai da maza ke yi, don haka abin da mata ke faɗa a tsakaninsu bai samu rabon da ya kamace shi ba, ko da yake Peig Sayers, tsohuwar tsibirin Blasket, ta zama ɗaya daga cikin fitattun waɗanda aka ɗauka. Sun kuma fi karkata ga ƙauye da harshen Gelik, suka yi wa birni da masu Turanci kallon waɗanda al'adarsu ta gurɓata.

Aikinsu da ya fi ba da mamaki shi ne na makarantu. A 1937 da 1938 aka sa 'yan firamare sama da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000 su je gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto labarai, da magungunan gargajiya, da sunayen gonaki da rijiyoyi, da wasanni, da abin da aka tuna na yunwa. An samu shafi kusan 740,000. Yau an sa su a intanet a dandalin Dúchas, inda mutum ke neman sunan ƙauyensu ya ga rubutun hannun kakarsa tana 'yar shekara goma sha biyu. A 2017 UNESCO ta sa wannan ma'ajiya cikin jerin kayan tarihin duniya da ake kiyayewa.

Masu gyara daga cikin gida

A ƙasar Hausa ma an samu waɗanda suka gyara hanya, sai dai ɗaiɗaiku ne, babu hukumar da ta ɗaure aikinsu wuri guda. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a Giwa, ƙasar Zazzau, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. A nan mace ce ke magana da mace, a cikin gida, kuma duk wanda ya karanta ya san ya ji abubuwan da ba sa fitowa zaure. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, ya mayar wa yaran makaranta abin da aka kwashe don Turawa. Sa'idu Babura Ahmad ya ɗauki masu tatsuniya a rikoda, ya nuna yadda labari guda ke sauya kama daga baki zuwa baki, abin da ke nufin babu wani kwafi da za a ce shi ne na asali.

Dangane da ƙasar Katsina kuwa, babu kamar Yusufu Bala Usman. Don rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, ya zaga garuruwa da ƙauyuka yana hira da tsofaffi, yana auna abin da suka faɗa da rubutattun takardu. Ya ƙi yarda da fassarar irin ta H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina ya kuma tattara jerin sarakuna da labaran asali, amma ya karanta su da tabarau na launin fata da ƙabila. Bala Usman ya rubuta maƙala ta musamman a kan zaman Barth a Katsina, inda ya nuna cewa kafin ka karɓi shaidar matafiyi sai ka san wa ya saukar da shi, wa ya yi masa tafinta, me yake tsoro, me yake nema. Wannan ma'auni shi ne ya kamata a ɗora wa kowane littafin tatsuniya: wa ya faɗa, wa ya rubuta, da wane harshe, a gaban wa, kuma don wa.

Abin da ke kan faifai a Kurfi da Dutsin-Ma

Wannan tarihi yana da gaggawa a tsakiyar jihar Katsina. Shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, mutane sun kwararo cikin gari. Ana lissafa rayuka da shanu da gonakin da ba a noma ba, kuma su ne a gaba. Amma akwai asarar da ba ta shiga rahoto. Labarin gari yana rataye ne da wurinsa: wannan dutse, waccan kuka, tsohuwar rijiya, kufan da aka taso daga cikinsa. In tsohuwa ta koma ɗakin haya a bayan tasha, jikokinta suka warwatsu gidajen dangi, zaman dare ya mutu, kuma abin da zai tuna mata da labarin ba ya gabanta. Mutanen Blasket da aka kwashe daga tsibirinsu a 1953 sun yi sa'a an riga an rubuta nasu. Namu ba a rubuta ba.

Ga kuma harshe. Hausar da ake ji a waɗannan ƙauyuka, inda ake cewa hwara da lahiya da mashi, ba ita ce ta littafin makaranta ba. Ɗalibin da aka aika tattaro tatsuniya yakan mayar da ita daidaitacciyar Hausa don kada malami ya rage masa maki, ta haka ya maimaita da hannunsa abin da muke zargin Turawa da shi.

Kayan aikin kuwa suna nan. Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke yaye malaman da za su koyar a makarantun yankin. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi Ediphone nesa ba kusa ba, kuma ba ta bukatar a kankare komai. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma ba mai wuya ba ne. A nemi izinin mai magana, a bayyana mata inda muryarta za ta je. A ɗauki zaman gaba ɗaya, da waƙarsa da amsar yara da dariyarsu. A rubuta sunanta, da shekarunta, da ƙauyen da ta fito, da wanda ta ji labarin a wurinsa. A kwafe maganar yadda ta faɗe ta. A tura mata su shiga wurin mata. A ajiye sautin a wuri fiye da ɗaya, a ƙarƙashin kulawar ɗakin karatu, kada ya tsaya a wayar da za ta lalace baɗi. A kuma faɗaɗa tambaya ta wuce Gizo: sunayen fadamu da burtali, waƙoƙin daɓe da niƙa, abin da aka ji daga iyaye game da yunwar Kakalaba ta 1914, abin da aka gani a farin 1973, yadda ƙauyuka suke kafin a yi madatsar ruwa ta Zobe, da abin da ke faruwa yanzu, wanda shi ma wata rana jikoki za su tambaya.

Malaman firamare da sakandare na ƙananan hukumomi biyu kacal, in aka ba su takardar tambayoyi guda da zangon karatu guda, za su iya tara abin da ya fi na Edgar yawa, kuma kowane shafi da sunan mai shi. Ayilan ta yi nata a lokacin da take cikin talauci, da fensir da littafin rubutu na 'yan makaranta. Tsohuwar da aka haifa a 1945 ta kai shekara tamanin yanzu, kuma ita ce ta ji labari daga bakin waɗanda suka ga zuwan Turawa. Wanda ke da irinta a gida ya san inda zai fara.